Asabar, demo da maganar Auta

Sanyin Jos ya dawo da ƙarfinsa, tun asuba hannuna ya ƙi ɗumi. Umma ta aike ni Terminus sayo dankali da kabeji, na je na dawo kafin goma saboda zuciyata tana kan PS5 ɗin da Yaya ya bar mana kafin ya koma Abuja. Da data ta dare na sauke demo biyu, wato ɗan gutsuren gem na gwaji, Tekken 8 da Chainsaw Demo na Resident Evil 4, wuta kuma ta yi mana kirki yau.

Tekken 8 ba zan ja shi ba. Yana da kyau wlh, Jin da Kazuya kamar ka taɓa su, amma walƙiya da tartsatsi sun yi yawa a allo, wani lokaci ban ma ganin ƙafar da ta buge ni. Hannuna har yanzu na Tekken 3 ne.

Resident Evil 4 kuwa, kai! Na buga na asali na 2005 a PS2 har na haddace ƙauyen nan, na ɗauka babu abin da zai razana ni. Leon, jarumin gem ɗin, na tafiya cikin daji, duhu, ganye na motsi, ka shiga ɗan gidan maharbin nan jikinka ya riga ya yi sanyi. Da na isa tsakiyar ƙauye mutanen ƙauyen suka yo kaina ta ko'ina, na ruga cikin gida na tura kabad na tare ƙofa, sai ga tsani ta tagar sama, sai ƙarar zarton nan na mai buhu a ka. Abin da ya fi burge ni shi ne yanzu kana iya tare sara da wuƙa in ka danna a kan lokaci, amma wuƙar tana cinyewa, dole ka riƙa lissafi. Lokacin da ƙararrawa ta kaɗa suka watsar da makamai suka juya suka tafi, sai na ga tafin hannuna ya jiƙe da gumi duk da sanyin nan.

Ina cikin wannan murna Auta ya shigo da wayarsa, ya leƙa tibi ya ce, "Yaya, wai me ya sa kake ƙona data a kan gutsuren gem? Ni fa na gama kallonsa tas a YouTube, har ƙarshe." Na ce masa kallo daban, riƙe pad daban. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai labarin ɗaya ne.

Maganar nan ita ta hana ni sakewa yau gaba ɗaya. Ba fushi na yi da shi ba, yaro ne, abin da ya tarar ke nan. Amma na tashi na je na zaro kwalin Kawu daga saman wadrob na ciro faifan Demo One, wanda ya zo da PS1 ɗinsa ɗan gwanjo, mai baƙin ciki irin na asali, duk ya sha ƙarce. Na jona tsohuwar PS2 tunda tana karanta faifan PS1, na goge shi da gefen riga, ya yi ta kuka kafin ya tashi. Sai ga T-Rex ɗin nan, ƙaton dinoso mai manyan haƙora, yana takawa cikin baƙin allo, ba gida ba bishiya, kai dai ka juya shi ka buɗe masa baki. Mu da wannan muka wuni muna yara, layi ake yi a ɗakin Kawu don kowa ya sa shi ya wage baki. Ba mu da kuɗin faifai, gidan gem kuma Winning Eleven kawai ake bari ka buga, to demo shi ne rabonmu, lebul ɗaya za mu maimaita har mu san kowane lungu nasa fiye da wanda ya ƙera shi. Kamar ɗanɗanon da mai tsire ke miƙo maka a bakin wuƙa, ga mai kuɗi talla ne, mu kuwa shi ne cin naman.

Na yi ƙoƙarin nuna masa cewa ba mu kaɗai ba ne. A 2001 mutane da yawa sun sayi Zone of the Enders ne don demon Metal Gear Solid 2 da aka saka a ciki. Ya ce to yanzu ai akwai intanet. Nan ne raina ya ƙara ɓaci, don intanet ɗin ce ta cinye P.T., demon wani gem na ban tsoro mai suna Silent Hills. Hideo Kojima ya fitar da shi a PS4 a 2014, lungun gida guda kawai kake ta zagayawa amma ya hana duniya barci, da aka soke Silent Hills a 2015 aka cire shi daga shagon intanet na PlayStation, wanda ya goge nasa ba zai sake saukewa ba. Ni ban taɓa samun buga shi ba, kallonsa kawai na yi a waya kamar yadda Auta yake yi, kuma har yau ina jin an cuce ni. Faifan Kawu da ya girmi Auta nesa ba kusa ba yana nan yana aiki. FIFA ma tun daga na 21 suka daina ba da demo, alhali sabon gem yanzu dala 70 ne, ka juya shi zuwa naira ka gani ko akwai wanda zai saya a makance a unguwarmu.

Bayan la'asar na miƙa masa pad ban ce komai ba. Mai zarto ya gama da shi a bakin rijiya, ya yi ihu har Umma ta leƙo tana salati. Ya sake farawa. Na ɗauka shi ke nan ya gane, sai da ya ajiye ya ce, "Akwai daɗi Yaya, amma YouTube ya fi sauƙi, ba a mutuwa." Ya ɗau wayarsa ya fita wajen abokansa.

Magariba aka ɗauke wuta. Tuwo miyar kuka, ban ci da yawa ba. Pad ɗin PS2 maɓallin X ya fara maƙalewa, Litinin in Allah ya kai mu zan kai shi Dilimi a duba, in na samu faifan Tekken 3 a can zan haɗo da shi.