Wasiƙa daga Bamingham: Shinge fuska biyu gare shi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu.

Yau maganar shinge zan yi muku, abin da a wajenmu ba ya buƙatar dogon zance. Mutum ya sayi fili, ya kira magini, a zubo bulo da yashi, kafin sati ya zagayo katanga ta tsaya. A nan Ingila ba haka ba ne. Tun daga dokar tsara birane ta 1947, mallakar ƙasa ba ta ba mutum damar gina duk abin da ya ga dama a kanta, kuma shingen da ke kewaye da gida yana cikin abin da hukuma take sa wa ido.

Ƙa'idar da ake aiki da ita yanzu tana cikin wata doka ta 2015, ba ta kuma da wuyar riƙewa. Idan shingenka ko katangarka ko ƙofarka ba za ta wuce mita 2 ba, ka yi abinka, ba sai ka nemi izini ba. Amma idan tana bakin hanyar da motoci ke bi, mita 1 ce iyakarta. Mita ɗaya fa, wato ƙugun babban mutum. Shi ya sa baƙon da ya zo daga Kano ko Zariya yake mamakin ganin gidaje a buɗe ta gaba, taga na kallon titi. Dalilin kuwa mai ƙarfi ne: direban da zai fito daga gida ko ya sha kwana dole ya hango yaron da ke tafe a gefen hanya. Wanda yake son ya zarce wannan awo sai ya rubuta wa ƙaramar hukuma, ya haɗa da zane, ya biya kuɗi, a sanar da maƙwabta, ya jira amsa, yawanci cikin mako 8. Idan gidan yana cikin tsofaffin gine-ginen da aka yi wa rajistar tarihi, wannan sassaucin ma bai shafe shi ba. Sabbin unguwanni kuma sau da yawa akwai sharaɗi a takardar gidan cewa kada a kewaye gaba ko kaɗan.

Wanda ya yi gaban kansa, hukuma na iya aiko masa da takarda ya rage tsawon ko ya cire. A da, shekara 4 suna wucewa an bar maganar, amma daga Afrilun 2024 wa'adin ya koma shekara 10.

Sai dai duk wannan ba shi ne ya fi haddasa rigima ba. Tsawo abu ne da ake aunawa da tef a gama. Abin da ke raba maƙwabta a ƙasar nan, har ya kai su gaban alƙali su ƙarar da dukiya a kan taƙi ɗaya na ƙasa, shi ne inda iyaka ta bi. Hukumar rajistar filaye tana ba kowane gida taswira da jan layi a kewaye, amma doka da kanta ta ce layin nan kwatance ne kawai. A cikin gari akan zana taswirar a ma'aunin 1 bisa 1250, ma'ana milimita ɗaya a takarda daidai take da mita 1 da kwata a ƙasa. To ina mutum zai kafa dirka da irin wannan? Akwai kuma jita-jitar da ta yaɗu cewa shingen hagu naka ne, na dama na maƙwabci. Babu dokar da ta faɗi haka. Wani lokaci a tsohuwar takardar gida za ka ga an sa alamar T a jikin layi, wanda alamar take ɓangarensa shi ke da nauyin gyara. Gidaje da yawa ba su da ko wannan. Saboda haka mai hankali ba ya fara haƙa sai ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa, su fito tare, su ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, su amince. Idan katangar bulo ce za ta hau kan iyakar kanta, wata doka ta 1996 ta wajabta a ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata ɗaya kafin a fara, kuma idan bai yarda ba sai ka ja ginin cikin naka.

Duk lokacin da na ga haka nakan tuna hadisin Abu Huraira, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. Mu aka fara gaya wa cewa bango na da fuska biyu, ɗaya tana kallonka ɗaya tana kallon wani.

Na tsaya na kalli masu aikin suna kafa wani shingen katako a layinmu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawancin wahalar a ƙarƙashin ƙasa take. Allunan katakon a shirye ake sayo su, ƙafa 6 tsawo ƙafa 6 faɗi. Ramin kowace dirka kuwa sai da ya kai zurfin ƙafa 2. Suka tsayar da ita, ɗaya na riƙe ɗaya na duba ma'auni ta gefe biyu, suka zuba ruwa a ramin, suka juye buhun siminti mai saurin kamawa, sannan suka sake dubawa kafin ya daskare. A ƙasan kowane allo sai da suka shimfiɗa dogon falalen kankare, don kada katako ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ruɓe. Kafin su soka shebur ma sun bincika inda bututun gas da wayar lantarki suka bi. Wanda ya ga guguwar Yunis ta Fabrairun 2022, wadda gudun iskarta ya kai mil 122 a awa a tsibirin Wayit, ya san amfanin zurfin nan, don shingayen da dirkokinsu suka ruɓe a gindi su suka fara kwantawa. Wasu kuma sukan bar 'yar kafa mai faɗin santimita 13 a ƙasa don bushiya ta riƙa wucewa gida zuwa gida, saboda ta yi ƙaranci. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Fasassun kwalabe da wayar ƙaya a kan katanga ba a cika ganinsu a gidaje ba, domin wata doka ta 1984 ta ɗora wa mai gida wani nauyi ko a kan wanda ya shigo ba da izini ba.

Ba na cewa ku rage katangarku ta koma mita ɗaya. Halin tsaro da muke ciki na sani, kuma suturar iyali a gidan Bahaushe ba abin wasa ba ce. Tsawo ku ɗaga yadda ya kamata. Abin da ke damuna shi ne abin da nake gani a sabbin unguwanni idan na zo: katanga ta ci layi har mota biyu ba sa iya giftawa, ko an ɗora ta a kan hanyar ruwa, damina na zuwa ruwan ya juya gidan talakan da ke ƙasa. Ga kuma doguwar katanga a kan fandisho mara zurfi, ba ginshiƙan rodi a tsakani, alhali a gindinta yara ke wasa, a inuwarta dattawa ke shimfiɗa tabarma.

Mu da muke turo kuɗi a kewaye mana fili, roƙona ga wanda aka damƙa wa aikin shi ne kada ya yi gaggawa don ya turo mana hoto. A nemo safiyo ya nuna inda alamomin filin suke. A kira maƙwabta da mai unguwa su tsaya a ja igiya a gabansu. A je hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, a ji nisan da za a bari daga titi tun ba a zo an shafa jan fenti ba. A kuma bar kafofin ruwa a gindin katangar, a tabbatar inda za su zubar kwata ce, ba ƙofar wani ba.

A gaida kowa da kowa, manya da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Bamingham