Ayar Da Na Yi Ta Tsallakewa

Littafi Mai Tsarki yana da littattafai 66 da surori 1,189. Na riƙe wannan lissafi ne domin shekara uku a jere ina sauke shi daga Farawa har Wahayin Yahaya, sura uku ko huɗu kowace asuba, ina sa alama a takarda. In aka zo nazarin Magana a ikilisiya, kafin mai bishewa ya gama faɗin aya na riga na buɗe wurin. A duk tsawon shekarun nan kuwa, ina gaba da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin da ya haɗa mu bai taka kara ya karya ba. Wata magana ce ya yaɓa mini a gaban dangi, na haɗiye ta, ta zauna. Ba zagi, ba faɗa. Gaisuwa ce ta bushe, kiran waya ya ɗauke. Har suna mai kyau na ba abin, wai kare mutuncina nake yi.

Karatun bai taɓa wannan ƙulli ba, domin karatun mai rabon kaya nake yi: wannan ayar ta wane ce, waccan ta dace da wance. Matiyu 5:23-24 ta ce in ka kawo baiko wurin bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Sai in ce, ai ni aka yi wa laifi, ba ta shafe ni ba. Da na kai Matiyu 18:15, inda aka ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi kai ne za ka je wurinsa, daga kai sai shi, sai in ƙara sauri. Ko kai ka ɓata, ko kai aka ɓata wa, Yesu kai ya aika. Sau uku na bi ta kan wannan ban gani ba, ko in ce ban so gani ba.

Wata safiya na zo Afisawa sura 4. Aya ta 30 ta ce kada mu ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai. Na daɗe da haddace ta, amma a zatona manyan zunubai ake nufi, irin waɗanda ake zuwa gaban dattawa a kansu. Ran nan idona ya sauka a kan ayar da ke biye: ɗacin rai, fushi, hasala, ƙeta. Ta 32 kuma ta ce mu yafe wa juna kamar yadda Allah ya yafe mana cikin Almasihu. Bulus ma yana ɗaure ya rubuta wannan wasiƙa, ba wanda zai ce bai san zafin zalunci ba. Na so wucewa sura ta 5, na kasa. Ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. Ayar ce kawai ta ƙi sakina, a hanya, a wurin aiki, har kan gado. Daga baya na gane abin da Yesu ya alkawarta ke nan a Yahaya 14:26, cewa Mai Taimako, wato Ruhu Mai Tsarki, zai tuna mana abin da Yesu ya faɗa.

Kwana tara na yi ina ciniki. Na ce zan yi masa addu'a daga nesa. Na ce shi ne babba, shi ya kamata ya nemi ƙaninsa. Na ƙara azumi ma, kamar azumi zai iya zama fansar biyayya. A rana ta goma na kira shi, hannuna na rawa.

"Yaya, ina kwana?"

"Lafiya? Wani abu ya faru ne?" Ya ɗauka rasuwa aka yi.

"Ba komai, Yaya. Na riƙe ka a zuciya tun ranar nan. Ka yafe mini."

Ya yi shiru can, sannan ya ce, "Wace rana?"

Sai da na tuna masa. Shekara uku ina dakon kayan da mai shi bai san ya aza mini ba.

Bayan nan na zarme ta ɗaya gefen, kuma wannan ma ya kamata in faɗa. Duk abin da ya motsa a raina sai in ce Ruhu ne. Har na je na tsawata wa wani ɗan'uwa a ƙungiyar mawaƙa da sunan an bishe ni, alhali haushinsa nake ji tun tuni. Ya bar zuwa na wata biyu. Ba a banza 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi ba. Ruhun da ya iza annabawa suka yi magana, yadda 2 Bitrus 1:21 ta nuna, ba zai raɗa mini abin da ya saɓa wa rubutunsa ba. Yanzu kafin in ce Ruhu ya ce, sai in auna abin da Galatiyawa 5:22-23, inda aka lissafa halaye tara da Ruhu yake haifarwa. In abin da nake shirin yi ba haƙuri a ciki, ba tawali'u, ba kamunkai, nakan san daga ina ya fito. Yawancin lokaci daga wurina ne.

Takardar sa alama kuwa na jingine ta. Ba na raina mai sauka a shekara, ni ma da ita na san inda komai yake. Amma bana watanni sun ja, ina nan cikin wasiƙun Bulus. Nakan fara da roƙon Dawuda a Zabura 139:23-24, Allah ya bincike ni, in karanta har inda wata aya ta soke ni, in tsaya nan. Mako biyu ke nan ina kan Romawa 12:10, batun riga juna ba da girma. Ni da Yaya muna waya duk Lahadi da yamma, har yanzu hirar takan yi tsayi da sanyi wani lokaci, kuma har yanzu ni ne mai kira.