Abin da fitsari ke faɗa bayan dashen ƙoda

Abin da kula da masu dashen ƙoda ke koya wa ma'aikaci tun da wuri shi ne gwajin kiratinin, wato dattin jini da ake auna aikin ƙoda da shi, kaɗai ba ya wadatarwa. Sakamakonsa kan fito lafiya lau alhali sabuwar ƙodar na yoyon furotin. Kafin fitsari ya yi kumfa, fuska da ƙafafu su kumbura, ɓarna ta yi nisa. In zubar ta haura giram 3.5 cikin awa 24, albumin, wato babban furotin na jini, ya faɗi, sai fargabar daskarewar jini a jijiya ta ƙaru.

Lokacin da yoyon ya fara shi ke nuna inda za a duba. Tsofaffin ƙodojin majinyaci kan ci gaba da zubar da furotin na 'yan makonni, sannan su daina, shi ya sa ake so a auna tun kafin dashe. In yoyon ya tashi cikin kwanakin farko bayan dashe, a zargi dawowar cutar FSGS, mai yi wa matatar ƙoda tabo, wadda ke komawa wa kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda ita ce ta lalata musu ƙoda tun asali. Irin waɗannan ana gwada su kullum a makon farko, sannan mako-mako har sau 4. Maganinta sauya ruwan jini da na'ura, wani lokaci da rituximab, maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki. In kuwa sai bayan shekaru ya ɓullo, galibi garkuwar jiki ce ke cin matatar ƙodar a hankali, musamman ga wanda ke tsallake tacrolimus, maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, saboda tsada. Ciwon sukari da sirolimus, wani maganin hana ƙin ƙodar, su ma suna jawowa. Ba a raba gardama sai an ciro ɗan gutsuren ƙodar da allura an duba.

A Sakkwato, zafin Afrilu kan kafe fitsari, tsinken gwaji ya nuna fiye da abin da ke akwai. Wanda ya sha ruwa da yawa kuma nasa ya ɓoye. Gara a ɗauki fitsarin farko na safe a auna furotin da kiratinin tare, duk wata 3 a shekarar farko.

Magungunan hawan jini losartan ko lisinopril na rage yoyon, amma a duba fotasiyam da kiratinin bayan mako 1 zuwa 2, a kuma dakata da su in gudawa ko amai suka kama. Gishiri kar ya wuce giram 5 a rana, kuma magi da kanwa suna cikin lissafin. Diclofenac na kemis da jiƙe-jiƙe dai a bar su.