Hamza, %s da sauran abubuwan da ke ɓata fassarar manhaja a GitHub

Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi, a Yelwa yake ko a Gubi, yakan ɗauka sai ya gano wani babban lahani ya gyara kafin masu buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya ganin lambobin gininta ya ba da gudummawa, su karɓi aikinsa. Akwai ƙofa mafi kusa: fayilolin fassara. Manhajoji da yawa ba su da Hausa sam, wasu kuma fassarar inji ce da ba ta shiga kunne. Sai dai aikin yana da tarkunansa, kuma yawancinsu ba na harshe ba ne.

Kafin ka taɓa komai, karanta fayil ɗin CONTRIBUTING.md. Ba kowane aiki ke karɓar fassara ta GitHub ba, wato shafin intanet da ake ajiye lambobin ginin manhaja; wasu suna da nasu dandalin fassara. Mozilla da Pontoon take aiki, MediaWiki da translatewiki.net, wasu kuma da Weblate. In ka aika ta hanyar da ba tasu ba, rufewa za su yi ko da aikin ya yi kyau.

In ta GitHub ne, ka yi fork, wato ka kwafi aikin zuwa asusunka, sannan ka sauko da kwafinka da git clone --depth 1. Wannan zai bar tarihin shekaru a can ya kawo maka halin da aikin ke ciki yau, data ɗinka ta huta. Buɗe reshe da git checkout -b fassarar-hausa, kada ka yi aiki a kan main, wato babban reshen aikin. Tun Agustan 2021 GitHub ta daina karɓar kalmar sirri wajen push, wato tura gyaranka daga kwamfutarka zuwa GitHub, don haka ka haɗa makullin SSH, wanda ke shaida cewa kai ne, da ssh-keygen -t ed25519 tun da wuri.

A manhajar Android, rubutun Turanci yana res/values/strings.xml, namu kuma zai zauna a res/values-ha/strings.xml. A nan ne hamza ke yi mana ɓarna. Ka duba yadda muke rubutu: na'ura, ma'ajiya, sa'a, 'yan'uwa. Android ba ta yarda da wannan alamar tsirara a cikin strings.xml, dole a sa mata kariya a rubuta na\'ura. Guda ɗaya ka manta, manhajar gaba ɗaya ta ƙi haɗuwa, mai kula da aikin kuma da ba ya jin Hausa jar alamar kuskure kawai zai gani a gwajinsa. In ka gama, ka bincika fayil ɗin ka bi hamzojin ɗaya bayan ɗaya.

Sai %s da %d. Gurabe ne da manhaja ke cikewa da suna ko lamba, ba a fassara su, ba a goge su. Matsar da su kuwa dole ne, tunda mu "saƙonni 5" muke cewa, lamba a baya, wato "saƙonni %d". In gurabe biyu ne a jimla kuma Hausa ta juya tsarinsu, lambobinsu za ka bi, %1$s da %2$d, in ba haka ba suna ya faɗa gurbin lamba manhaja ta mutu a hannun mai waya. Masu aiki da fayil ɗin .po, wani nau'in fayil ɗin fassara, msgfmt --check ha.po zai kama muku irin wannan.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sai a tsarin adana haruffa na UTF-8 suke tsira. In aka adana fayil a matsayin ANSI, alamar tambaya suke komawa. Windows tana da wata matsalar kuma: ɓoyayyiyar alamar da take sawa a ƙarshen kowane layi CRLF ce, yawancin ayyukan nan LF suke amfani da shi. Layi goma ka gyara, git diff --stat ya nuna maka duk fayil ɗin ya canja. Maganinsa git config --global core.autocrlf true, kuma a sa shi kafin clone.

Commit, wato adana gyaranka a tarihin aikin a kwamfutarka, ba ya buƙatar intanet, saboda haka ka riƙa yi a kai a kai, ka bar push sai sabis ya samu.

Wajen pull request, wato buƙatar a shigar da gyaranka cikin ainihin aikin, ka rubuta bayani da Turanci: fayil kaza, layuka kaza, na gwada a waya. Layi hamsin da aka tace sun fi dubu da ba mai iya dubawa. Ka nemi wani mai jin Hausa ya karanta ya sa baki a ƙasa, domin mai kula da aikin ba shi da hanyar sanin ko ka rubuta "adana" a wani shafi, "ajiye" a wani, alhali maɓalli ɗaya ne. In an ce ka gyara, ka yi commit a reshen nan ka sake push, buƙatar za ta sabunta kanta, ba sai ka buɗe sabuwa ba.