Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da na fara karanta Beckett

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya yi ritaya, ni kuma na shiga aji biyu a jami'a. A wannan shekarar ce aka sa mana wasan kwaikwayon Samuel Beckett, Waiting for Godot.

Littafin ɗan siriri ne. Mutum biyu, Vladimir da Estragon, suna bakin hanya a gindin wata busasshiyar bishiya suna jiran wani mai suna Godot. Ɗaya yana fama da takalmin da ya matse masa ƙafa, ɗayan yana ta cire hula yana leƙa cikinta. Can sai ga wani Pozzo ya zo wucewa, ya ɗaura wa baransa Lucky igiya a wuya. Da magariba wani yaro ya zo ya ce Godot ba zai zo yau ba, sai gobe. A fitowa ta biyu haka aka sake yi, sai dai bishiyar ta yi 'yan ganye, Pozzo ya makance, Lucky ya zama bebe. Shi ke nan labarin.

Aji ya kaure da gardama. Wasu suka ce Godot mutuwa ne, wasu suka ce 'yanci. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, wai shi Godot ɗin nan wane ne?" Malam ya ce ai shi kansa marubucin an yi masa wannan tambaya, ya ce da ya sani da ya faɗa a cikin wasan. Sannan ya sa muka ture kujeru gefe, ya ce, "Ku miƙe ku karanta da baki. Duk inda aka rubuta a yi shiru, ku yi shiru na gaske, kada ku tsallake." Abin mamaki, da muka fara sai ga 'yan aji suna dariya. Maganar da ta yi nauyi a takarda, a baki sai ta zama irin cacar bakin tsofaffin abokai da ba sa iya rabuwa.

Da aka yi hutu na riƙa raka Baba ofishin da ake bin haƙƙin fansho. Dogon benci ne a baranda, dattawa sun jeru, kowa da takardunsa a cikin leda ya ɗaure da kyauro. Wani ya fasa goro ɗaya ya raba wa mutum huɗu. Suna tsokanar juna, suna maimaita labarin da suka ba juna jiya, har la'asar ta yi masinja ya leƙo ya ce oga bai shigo ba, a dawo gobe. A hanya na ce, "Baba, mu haƙura da goben nan, ƙafarka ta kumbura." Ya ce, "To idan goben ce ranar fa?" Daren nan na sake karanta wasan daga farko har ƙarshe, na yi kuka.

Daga nan na shiga neman tarihin Beckett. An haife shi a 1906 kusa da Dablin a ƙasar Ailan, ya koma Faris da zama, inda ya yi kusa da marubuci James Joyce, ɗan ƙasarsu. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa ya shiga cikin masu yi mata turjiya a ɓoye, a 1942 kuma asirin ƙungiyarsu ya tonu, ya gudu wani ƙauye mai suna Roussillon a kudu, yana aikin gona yana jiran yaƙi ya ƙare. Ya san jira a jikinsa. Da Faransanci ya rubuta wasan, ba da Turancin da ya tashi da shi ba, aka fara nuna shi a Faris a 1953. A 1957 aka kai shi gidan yarin San Quentin a Amurka, fursunoni suka karɓe shi hannu bibbiyu alhali masu ilimi da yawa suna ta ƙorafin ba su gane ba. Ya samu kyautar Nobel a 1969, ya rasu a 1989.

Duk ɗalibin da ya tambaye ni ta ina zai fara, Godot nake cewa, kuma da baki, shi da abokinsa. Daga nan Krapp's Last Tape, inda tsoho ɗan shekara 69 yake sauraren muryarsa da ya naɗa a kaset yana da shekara 39. Sai bayan haka ƙagaggun labaransa. Molloy ya fi sauƙin shiga, ko da yake sakin layi ɗaya yakan ci shafuka da dama babu hutu. A ciki akwai inda mutumin yake da tsakuwa goma sha shida da aljihu huɗu, yana ta lissafin yadda zai tsotse su bi da bi kada ya maimaita ɗaya. The Unnamable kuwa a bar shi sai ƙarshe, don ni kaina sai da na fara koyarwa na iya gama shi.

Da muka koma makaranta na samu Malam na ce ina son mu juya wasan zuwa Hausa mu nuna, kuma ina son Baba ya zo ya gani. Yadda muka yi da dogon jawabin Lucky, da abin da Baba ya ce bayan an tashi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.