Kafin ka rubuta wa babba "I insist"

Ƙannena masu koyon Turanci, akwai kalmar da nake so ku bi ta a hankali, ita ce insist. A makaranta an ce mana ma'anarta nacewa ko dagewa, kuma haka ne. Sai dai ba a cika gaya mana nauyinta ba.

Asalinta daga Latin ne, insistere, haɗin in mai nufin "a kan" da sistere mai nufin "tsayawa". Ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16, Faransanci ma yana da ita a matsayin insister. Daga wannan tushe persist da resist da assist suka fito. Wanda ya ce insist ya tsaya ne a kan magana ya kafe, ba ya neman a yi shawara da shi.

Ban san haka ba lokacin da na fara aiki a wani ofishi. Mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya, ina neman hutu in je in dubo ta. Na zauna na rubuta wa shugaban sashenmu takarda, na ce "I insist that you grant me leave". A zuciyata roƙo nake yi, irin na wanda ke ce wa babba, "Ranka ya daɗe, ina ƙara roƙo a taimaka." Da ya kira ni, takardar na kan teburinsa, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar. Ya dube ni ya ce, "Malam, umarni kake ba ni?" Ya ba ni hutun, amma sai da ya sa na sake rubutawa. Abin da ya kamata in sa shi ne "I would be grateful if you could grant me leave". Idan kuna neman alfarma daga shugaba, ko malami, ko wanda zai ɗauke ku aiki, ku nisanci insist. Wanda ke da iko, ko wanda haƙƙinsa yake nema, shi ke faɗinta.

Kuskure na biyu na nahawu ne, kuma na daɗe ina yinsa. Ina rubuta "she insisted to pay" saboda na saba da "want to" da "decide to". Turanci bai yarda da haka ba. Ana cewa "she insisted on paying", wato on sannan aikatau mai ɗauke da ing a ƙarshe. Masu shirin jarrabawar WAEC ko NECO su riƙe wannan da kyau.

Idan that ta biyo bayanta, ma'ana kan rabu biyu. "He insisted that she was there" na nufin ya dage cewa lallai tana wurin, shaida yake bayarwa. "He insisted that she be there" kuwa ya ce dole ta kasance a wurin. Mutanen Amurka sun fi barin aikatau haka, be kawai, a Ingila kuma za ka yawaita jin "should be there".

Akwai inda kalmar ke zama karamci, kuma nan ne na fi jin daɗinta. Ka ci abinci da aboki, kowa ya sa hannu a aljihu, sai ɗaya ya ce "No, I insist". Daidai yake da "Haba, bari kawai, ni zan biya." Haka idan za ka tashi wa dattijo a kujera ya ƙi zama. A nan kai ne mai bayarwa, shi ya sa babu rashin ladabi a ciki. Wanda aka matsa wa kuma ya amsa da "If you insist", wato "To, tunda ka nace."