Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Na Kai Baba Shau Shau

A makon jiya na tsaya inda na kai wa Baba albashina na farko a maƙera, ya dubi hannunsa da ya yi baƙi ƙirin da gawayi ya ce in miƙa wa Inna. Akwai abin da na ɓoye muku. Duk tsawon karatuna, in aka tambaye ni sana'ar mahaifina, sai in ce ɗan kasuwa ne. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, tunda yana kai fartanya da lauje kasuwar Muda Lawal, amma ni na san abin da nake gudu.

A shekarata ta biyu da fara koyarwa muka kai ɗalibai Yankari. Yara hankalinsu na kan giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, ni kuwa wata magana ce ta maƙale mini, da wani ma'aikacin gandun ya ce a cikin dajin akwai wani wuri, Shau Shau, mai murhun tama wajen 60 a tsaye. Da na ba Baba labari da daddare, sai ya ajiye lomar tuwonsa. Ya ce, "A tsaye? Kai ka gani da idonka?" Na ce a'a. Ya ce to ranar Juma'a ba a hura wuta a maƙerarsa, in nemo mota.

Muka bi hanyar Gombe, muka karya a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Baba, mutumin da ko Sallah ba ya sa babbar riga sai Inna ta yi da gaske, ran nan da ita ya fito.

Wurin ba shi da wani kwarjini daga nesa. Za ka ɗauka suri ne birjik a cikin ciyawa. Sai ka matso ka ga ginin yumɓu ne da wuta ta gasa ya yi ja, wasu sun rushe rabi, ƙasa kuwa duk baƙaƙen dunƙule masu ƙyalli da gutsattsarin bututun yumɓu. Ɗan rakiyarmu, wani saurayi mai ladabi, ya fara bayanin da ya saba: an keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, kuma a nan ne mutanen da can suke narka ƙarfe.

Baba ya ce, "Yaro, ƙarfe ba ya narkewa a nan."

Ya durƙusa, babbar riga a cikin ƙura, ya ɗauki dunƙule ɗaya ya jinjina. Ya ce wannan kashin tama ne, shi ne ke narkewa ya tsiyaye. Ana jera gawayi da tama ne hawa-hawa daga sama, iska na shiga ta bututun nan na gindi, wuta ta kwana tana ci. Ƙazantar dutsen ta zama ruwa ta gangara, ƙarfen kuwa ya cure wuri guda kamar soso, sai an fasa gindin murhun a jawo shi, a kai maƙera a yi ta duka da masaba har ragowar kashin ya fita. Gawayin ma ba kowanne ba, na ƙirya ake so saboda ƙarfin wutarsa. Daga baya na karanta cewa zafin irin wannan murhu yakan kai digiri 1,200, alhali ƙarfe zalla sai ya haura 1,500 yake narkewa. Baba bai san digiri ba. Daga bakin kakansa ya ji, wanda ya yi aikin da hannunsa.

Abin da ya sosa min rai shi ne da ya ce shi kansa bai taɓa ganin an fitar da ƙarfe daga dutse ba. Ya tashi ya tarar ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, ga shi da araha, wa zai kwana yana gadin wuta? Duk garmar da ya ƙera a rayuwarsa daga sifirin ɗin mota da tarkacen 'yan gwangwan ta fito. Ya zura hannu cikin wani murhu, ya shafa bangon, ya ce in zo in taɓa. Shatin yatsun maginin na nan a jikin yumɓun.

Da za mu tafi ya nemi ya sa ɗan guntun kashin tama a aljihu. Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi haƙuri, doka ta hana." Bai yi musu ba. Ya mayar da shi daidai gurbin da ya ɗauko shi, har yana gyara masa zama.

A hanyar komawa mota saurayin ya dube ni ya ce, "Malam, ashe ku gidan maƙera ne. Kai ma kana taɓawa?"

Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni, ko waiwayowa bai yi ba.

"A'a, shi ɗan ɗan kasuwa ne."

Har muka iso Bauchi ban iya haɗa ido da shi ba. Wanda ya kai masa wannan magana, da yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.